Karatun Gida ga Ɗan Aji Huɗu Zuwa Shida: Wace Manhaja Ta Dace da Gidanku?

'Yata ta fari ta yi shekara biyu da rabi tana karatu a gida, daga tsakiyar aji huɗu har ta gama aji shida. Sikila gare ta. Da hunturu ya shigo, ko ruwan sama ya ɗan taɓa ta a hanyar makaranta, sai ciwo ya tashi mu kwashe kwanaki a asibiti. A wani zango mako biyar ta yi ba ta leƙa aji ba, ranar da ta koma kuwa aka yi musu gwaji a kan doguwar rabawa, abin da ba ta taɓa gani ba. Ta dawo ta miƙa mini takarda duk jan biro, ta ce, "Umma, ni ce ba na ganewa ko?" A daren nan muka zauna da mahaifinta muka yanke shawarar ta zauna a gida, ni in koyar da ita.

Na yi koyarwa a firamare kafin in yi aure, don haka na zaci abin zai zo mini da sauƙi. Ashe inda gizo ke saƙar shi ne zaɓen abin da za a koyar. Wata ƙawata ta turo mini littattafan Ingila a waya, ƙanin maigidana ya ce ai yanzu komai yana intanet kyauta, surukata kuma ta ce tunda Allah ya sa yarinya tana gida, a bar ta ta haddace Alƙur'ani kawai. Kowa da gaskiyarsa. Wata uku na ɓata ina tsalle daga wannan zuwa wancan kafin in nutsu. Na rubuta wannan ne don iyayen da ke tsaye inda na tsaya, ko ciwo ne ya zaunar da ɗansu, ko kuɗin makaranta ne ya gagara, ko tsoron hanya, ko yawan canjin wurin aiki.

Maganar doka tukuna

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda hukumar UBEC ke aiki a ƙarƙashinta, ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan. Ta tanadi gargaɗi ga wanda ya ƙi, sannan tara ko ɗauri in ya maimaita. Ba ta ware wa karatun gida wani babi ba, saɓanin Ingila inda dokar ilimi ta 1996 ta yarda yaro ya samu iliminsa a makaranta ko ta wata hanya dabam, ko Amurka inda jihohi 50 duka suka halatta shi, kowace da sharuɗɗanta.

Abin da muka yi shi ne, muka bar sunan yarinya a rajistar wata makaranta kusa da mu, muka kai musu takardar likita, aka amince tana zuwa jarrabawar ƙarshen kowane zango. Wannan ya tsare mu ta fuskar doka, ya ba mu ma'auni daga waje, kuma takardar shaidar gama firamare ta hannun makaranta take fitowa. Kafin ku sayi littafi ko ɗaya, ku je ku zauna da shugaban wata makaranta a kan wannan.

Abubuwan da za ku auna

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi: wace ƙofa yaron zai shiga in ya kai shekara 11 ko 12? Ɗan aji ɗaya yana da lokacin gyara kuskure. Ɗan aji biyar kuwa jarrabawar shiga sakandare tana gabansa, tun ran gini tun ran zane. In makarantun haɗin kai na tarayya kuke so, irin na Kano, Kazaure, Bakori ko Azare, to jarrabawar kwaman ta NECO ce ke jiransa. In makarantar jiha ce ko ta kuɗi, su ma suna da nasu gwajin, kuma kusan duk a kan manhajar ƙasa suke gina shi.

Na biyu kuɗi, kuma ba kuɗin littafi kaɗai ba. Ku haɗa da buga takardu, data, cajin na'ura in babu wuta, da albashin malamin lesin in za a buƙace shi. Sai ɗorewa: littafin zai kai ga ƙanne ko shekara ɗaya zai yi a jefar? Tsarin zai tsaya in dala ta tashi, ko in tiransifoma ta lalace mako biyu? Sai sauƙi ga mai koyarwa, domin manhajar da uwa ba ta gane ba, ko ta fi kowacce kyau, a kan kanta za ta ƙare tana shan ƙura. Na ƙarshe haɗari: in abin bai tafi daidai ba, me yaro zai rasa, kuma zai iya komawa aji ba tare da an mayar da shi baya ba?

Zaɓi na ɗaya: manhajar Najeriya da littattafan kasuwa

Hukumar NERDC ce ke tsara ta. Ta kasa shekaru taran nan gida uku, aji huɗu zuwa shida su ne na tsakiya. Akwai Turanci, lissafi, kimiyya da fasaha, harshen gida, addini, zamantakewa da tarbiyyar ɗan ƙasa, noma da tattalin gida, da sauransu. An yi mata garambawul fiye da sau ɗaya, gwamnatin tarayya ta sake sanar da wani a 2025, don haka ku nemi jadawalin darussa na mako-mako da makarantu ke bi a bana, kada ku dogara da wanda yayansa ya yi amfani da shi.

Ta fuskar kuɗi ita ce mafi sauƙi. Littattafan kamfanoni irin su Macmillan, Learn Africa, University Press da Evans suna nan a shagunan Sabon Gari a Kano da kowace babbar kasuwa, na hannu ma ana samu. Sai dai ku buɗe littafi shafi-shafi kafin ku biya. Jabun bugu ya yi yawa, za ku ga rubutu ya dushe, ko shafi goma sun ɓace a tsakiya. Na taɓa sayen na lissafi muka kai babin kashi cikin ɗari muka tarar babu shi ɗungurungum. In kuna so littafi ya kai ga ƙanne, kada yaro ya yi rubutu a ciki, a saya masa littafin rubutu dabam.

Sauƙinta shi ne kowane malamin lesin a unguwa ya san ta, misalanta da naira da kobo suke, kuma duk ranar da yanayi ya canza yaro zai koma ajinsa kai tsaye. Akwai kuma mataimaka a waya da aka gina a kanta. Nigeria Learning Passport, wanda ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, kyauta ne, har da darussa cikin Hausa. uLesson kuma na kuɗi ne, darussan bidiyo ne.

Aibinta ba ɓoyayye ba ne, kuma ni da na koyar da ita na fi kowa saninsa. Darussa sun yi yawa. In kuka ce sai kun bi kowane fanni kamar yadda makaranta ke yi, za ku wuni kuna kwafar bayani a allo, yaro ya haddace ma'anar abu bai san abin ba. Littattafan lissafi da yawa suna ba da misali biyu su wuce, babu isasshen atisaye, babu bayanin dalili. Yaro zai iya gaya muku a juya ɓangare na biyu a ninka, amma ku tambaye shi rubu'i nawa ne a cikin rabi, sai ya yi shiru. Jagoran malami ma da wuya a same shi a kasuwa. Wannan gibin ku ne za ku cike shi. Ni da kankana da wuƙa muka koyi rabi da sulusi da rubu'i, da mudu da gwangwanin madara muka koyi awo, kafin mu buɗe littafi.

Haɗarinta kaɗan ne, shi ne gidanku ya koma ƙaramin aji mai gundura, alhali dalilin zaman gida shi ne a samu abin da aji mai yara sittin ba ya bayarwa.

Zaɓi na biyu: manhajar Ingila

Iri biyu ce, mutane kan haɗa su. Akwai manhajar gwamnatin Ingila, wadda ke shafin gwamnatinsu kyauta, matakin da ya shafe mu na 'yan shekara 7 zuwa 11 ne. Akwai kuma Cambridge Primary, wadda aka tsara don makarantun ƙasashen waje, mataki shida, na ƙarshe yana daidai da ajinmu na shida.

A nan gaskiya sai a yaba. Tsarin lissafinsu yana tafiya daki-daki, daga abin da yaro zai taɓa da hannu, zuwa zane, zuwa lambobi. Suna so yaro ya iya jadawalin ninkawa har 12 sau 12 tun yana ɗan shekara tara. Turancinsu yana sa yaro ya karanta labari ya faɗi ra'ayinsa, ya rubuta da kalmominsa. Kimiyyarsu gwaji ce da tambaya. Awonsu mita da kilo da lita ne, irin namu. Oak National Academy, da aka kafa a 2020 lokacin kullen korona, tana da darussa da takardun atisaye kyauta. BBC Bitesize ma tana nan, ko da yake bidiyoyinta da yawa ba sa buɗewa daga nan.

Kuɗin littattafan shi ne matsala. Da fam ake sa musu farashi, kuma tun da aka saki naira a 2023 suka ƙara nisa da aljihun mai albashi. Kowane fanni yana da littafin ɗalibi, littafin atisaye da ake rubutu a ciki a sake saye kowace shekara, da jagoran malami, wanda ya fi su tsada kuma in babu shi rabin darasin ya tafi. Littafin ɗalibi yana da ƙarko, takarda mai kyau, zai kai ga ƙanne biyu ko uku. Masu buga kwafin da aka turo musu a waya suna ganin sun tsira, sai su lissafa kuɗin buga shafi ɗari biyu mai launi a kowane fanni su ga ba haka ba ne, ban da cewa haƙƙin masu littafin ne.

Abu biyu ya kamata ku sani. Jarrabawar Checkpoint ta ƙarshen firamare ta hannun makarantun da suka yi rajista da Cambridge ake yin ta, kuma auna matsayin yaro take yi, ba takardar shiga sakandare ba ce. Takardar da ke da nauyi ita ce IGCSE, wadda ake yi wajen shekara 16, ita kam mai zaman kansa yana iya zama ta hannun British Council. Wato wanda ya ɗauki wannan hanya tafiyar shekara biyar ko shida ya ɗauka, da kuɗin waje. Na biyu, tarihi da labarin ƙasa nasu ne. A manhajar gwamnatinsu yaro zai san Rumawa da mutanen Viking da suka mamaye Birtaniya. Akwai zaɓin Bagadaza ta wajen shekara ta 900 da daular Benin, abin a yaba ne, amma babu Daura, babu Kanem-Borno, babu jihadin 1804, babu jihohi 36 da manyan biranensu, waɗanda za a tambaye shi a kwaman.

Tana kuma buƙatar mai koyarwa da Turancinsa ya zauna. In uwa tana tuntuɓe a jagoran malami, kowace safiya za ta zama wahala.

Zaɓi na uku: tsarin Amurka da darussan intanet

Amurkawa sun daɗe a harkar karatun gida, shi ya sa kayansu suka fi yawa. Akwai manhajojin kwali, inda ake aiko komai na shekara guda a haɗe, har da abin da uwa za ta faɗa kowace rana. Waɗannan da dala ake saye, ga kuɗin jirgi, ga nauyi. Da yawansu, irin su Abeka, an gina su ne a kan koyarwar addinin Kirista a kowane fanni. Ga iyali Kirista wannan na iya zama abin so, iyali Musulmi kuma su sani kafin su tura kuɗi. A lissafi akwai Saxon, mai maimaita tsohon darasi kowace rana har ya zauna, da tsarin Singafo, mai koya wa yaro ya zana sanduna ya ga tambaya da ido kafin ya warware. Wannan dabarar zanen sanduna ta fi komai taimaka wa 'yata a lissafin labari, kuma ba sai an sayi littafi ake koyon ta ba.

Sai na kyauta, wanda shi ne yawancinmu za mu iya. Khan Academy tana da lissafin aji huɗu, biyar da shida cikakke, bidiyo da atisaye, tana nuna wa iyaye inda yaro ya makale. Ana iya sauke bidiyon a ajiye. Akwai kuma Kolibri, manhajar da aka ƙera don wuraren da babu intanet, a sauke darussa sau ɗaya a ci gaba da amfani da su.

Kyauta ce a suna, amma tana cin data, tana son na'ura da wuta. Ɗorewarta ta rataya a kan batir. Sau nawa muna tsakiyar darasi aka ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu, ranar ta tafi. Sai da muka sayi ƙaramin sola abin ya daidaita. Ga kuma jarabar waya, yaro ɗan shekara goma shi kaɗai da intanet ba abin da zan ba wa kowa shawara ba ne, dole babba yana kusa yana ganin allon.

Wata safiya na bar ta da atisayen kuɗi na shiga kicin. Can ta leƙo ta ce, "Umma, mene ne *dime*?" Na ce sulen Amurka ne, santi goma. Ta ce, "To mene ne sule?" Muka ɓata rabin awa a kan kuɗin ƙasar da ba ta taɓa zuwa ba, ranar da ya kamata ta koyi riba da faɗuwa a cinikin naira. Haka awonsu yake, inci da fam na nauyi da galan da mil. Jerin darussansu ma ba daidai yake da namu ba, wani abin da ake tambaya a kwaman sai gaba suke kai wa gare shi. Lafazin mai bidiyo kuma yakan yi wa yaron da bai saba ba sauri.

A ganina wannan zaɓi gwani ne wajen cike gibi a lissafi, amma shi kaɗai ba ya riƙe shekara. Babu mai duba rubutun hannu, babu mai gyara insha'i, kuma yaro yana iya danna amsa har ya dace ba tare da ya gane ba.

Zaɓi na huɗu: hadda a gaba, boko a taƙaice

Wannan ita ce shawarar surukata, kuma ba shawarar banza ba ce. Shekara 9 zuwa 12 lokaci ne da ƙwaƙwalwa ke kama hadda, iyaye da yawa saboda ita kaɗai suke cire yaro daga makaranta. Amma a yi lissafi da idon basira. Mus'hafin Madina shafi 604 ne, layi 15 a kowane shafi. Yaron da ke haddace rabin shafi kullum, kwana biyar a mako, mako 48 a shekara, zai samu shafi 120 a shekara, wato shekara biyar kafin ya sauke. Mai shafi guda kullum shekara biyu da rabi. Kuma duk yadda hadda ta ƙaru, haka muraja'a ke ƙara cin lokaci, mai izu talatin a kai ba zai riƙe su da minti ashirin ba. Wanda ya ce zai haɗa cikakkiyar hadda cikin shekara biyu da fannoni goma na boko, taura biyu yake son taunawa.

Kuɗin littafi kusan babu, mus'hafi ne da ƙananan littattafan fikihu irin su Ahalari da Ishmawi. Kuɗin yana wajen malami, domin hadda ba ta yiwuwa sai da mai saurare wanda tajwidinsa ya inganta, kuma yana zuwa kullum. Ɗorewa kam babu kamarta, ba ta neman wuta ko data.

Haɗarin yana ɓangaren bokon. "A taƙaice" yakan koma "babu" ba tare da kowa ya lura ba. Na ga yaran da suka sauke, abin alfahari, amma aka je gwajin shiga sakandare aka mayar da su aji huɗu suna da shekara goma sha uku, zama da ƙanana ya karya musu gwiwa. In wannan hanya za ku bi, abu biyu ba a taɓa su: lissafi da Turanci, aƙalla minti arba'in kowanne, kowace ranar karatu, da littafin ajin da sa'o'insa suke. Kimiyya da zamantakewa ana iya cim musu daga baya cikin 'yan watanni. Lissafin da aka bari shekara biyu kuwa sai an koma tushe.

A dunƙule

| | Manhajar Najeriya | Manhajar Ingila | Amurka da intanet | Hadda a gaba |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Kaɗan | Mai yawa, da fam | Kwali: mai yawa. Intanet: data da wuta | Albashin malami |
| Ɗorewa | Matsakaiciya, takarda ba ƙwari | Littafi mai ƙarko, atisaye sabo duk shekara | Ta dogara da wuta da na'ura | Sosai |
| Sauƙi ga mai koyarwa | Mai sauƙi, malamai na nan | Sai mai ƙarfin Turanci | Bidiyo na koyarwa, sai sa ido | Sai malamin hadda |
| Dacewa da kwaman | Kai tsaye | Sai an ƙara fannoni | Sai an ƙara da yawa | Rauni, in ba a kula ba |
| Babban haɗari | Hadda ba fahimta | Kuɗi ya yanke a tsakiya | Gibi da shagala | Komawa baya a boko |

Yadda muka ƙare da shi, da abin da tebur ba ya nunawa

Mun ɗauki manhajar Najeriya a matsayin ginshiƙi, jadawalinta muke bi mako-mako. In darasin lissafi ya gagara a littafi, sai mu nemo shi a Khan Academy mu kalla, mu dawo littafinmu. Daga Ingila na aro salon koyar da rubutu kawai. Bayan asuba hadda, layi biyar zuwa bakwai. Ƙarfe takwas da rabi zuwa sha ɗaya da rabi lissafi, Turanci, da fanni ɗaya da ke juyawa, yau kimiyya, gobe zamantakewa, jibi Hausa. Awa uku sun isa in yaro ɗaya ne, domin babu kiran suna, babu jiran sauran yara su gama kwafa. Da la'asar ta tafi Islamiyyar layinmu, a nan take ganin ƙawaye. Da dare mu karanta labari da babbar murya minti ashirin, wata rana Turanci, wata rana Hausa daga littattafan NNPC, kamfanin buga littattafai na Zariya. Ranar da jiki ya ƙi, mu ajiye komai, ba wanda zai yi mata jan biro.

Kuskuren da na yi shi ne jinkirta tambayoyin gwada basira, waɗanda yara ke kira babal da kwantitetif. Takarda ce mai zaman kanta a kwaman, kuma babu manhajar waje da ke koyar da ita yadda ake tambayar ta a nan. Sai a zango na biyu na aji shida muka fara, muka sha wuya. Ku fara tun aji biyar, shafi ɗaya a rana, ku haɗa da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, kuna sa agogo.

Sai abin da ya fi manhaja kashe karatun gida a wajenmu, musamman ga 'ya mace: aike. Yarinya tana gida, sai ta zama mai miƙo wannan, mai riƙe jariri, mai sayo magi. Baƙuwa ta yi sallama da hantsi, kunya ta hana a ce ana karatu. Sai da na fito fili na gaya wa 'yan uwa da maƙwabta cewa daga takwas da rabi zuwa sha ɗaya da rabi muna makaranta, na kuma sa ta riƙa sa wani hijabi na musamman a lokacin, har ƙannenta suka gane in yana jikinta ba a kiran Yaya. Wasu sun ji haushi da farko, daga baya suka saba.

Wane ne ya dace da wanne

In zaman gidan na ɗan lokaci ne, saboda ciwo, ƙaura, tsaro ko kuɗi, kuma yaro zai koma makarantar gida ko ya zauna kwaman, ku riƙe manhajar Najeriya. Yawancin masu karanta wannan nan suke. Ku rage fannonin da ake bi kullum zuwa lissafi da Turanci, sauran su riƙa juyawa, ku cike gibin lissafi da darussan kyauta.

In kun tabbata yaro zai shiga sakandare mai tsarin Ingila, ko iyali za su bar ƙasa, kuma kuɗin shiga zai ɗauki nauyin har zuwa IGCSE, to Cambridge ta dace, ku sayi jagoran malami tare da littattafan. Ku ƙara tarihin Najeriya da Hausa da kanku. In kuwa tabbacin kuɗin bai wuce shekara ɗaya ba, kada ku fara, ku ɗauki salonsu daga shafukan kyauta ku ɗora a kan manhajar gida.

In uwa ko uba ba su da ƙarfi a lissafi, kuma babu halin ɗaukar malamin lesin, amma akwai sola da kwamfuta, darussan intanet za su ɗauke muku wannan fanni guda. Ku tsallake babin kuɗi da awo nasu, ku yi su daga littafin gida. Manhajar kwali ta Amurka kuwa ta masu komawa can ce, ko iyalin da koyarwar addinin da ke ciki ta yi daidai da tasu.

In hadda ce burinku, kuma kun samu malami tsayayye, ku sa mata wa'adi a rubuce, shekara biyu ko uku, ku amince tun yanzu cewa yaro na iya shiga sakandare a makare da shekara guda. Lissafi da Turanci su ci gaba kullum, kuma a kai shi jarrabawar zango a makarantar da sunansa yake.

Wanda kuma har yanzu bai yanke ba, kada ya sayi kayan shekara. Ku karɓo takardun jarrabawar ƙarshen shekara na ajin da yaron ya baro, ku ba shi ya yi a gida cikin natsuwa, ku ga inda ya tsaya da gaske. Sau da yawa ɗan aji biyar a lissafi ɗan aji uku ne, a karatu kuma ya wuce ajinsa. Daga nan sai ku sayi littafin lissafi ɗaya da na Turanci ɗaya daidai matsayin da kuka gani, ku yi zango guda da su, sauran sayayyar ta jira hutun ƙarshen zangon.